Tabarau na Kanti, na Awo, na Mannawa ko Tiyata: Wanne Ya Dace da Idon da Ya Haura Shekara 40?

Yawanci da miƙa hannu abin yake farawa. Mutum ya ɗauki wayarsa ko 'yar takardar da ke cikin kwalin magani, ya ga baƙaƙen sun cakuɗe, sai ya ja da ita baya kaɗan har rubutun ya fito. Bayan shekara biyu ko uku kuma ya iske hannun ya kai iyakar tsawonsa amma rubutun ya ƙi fitowa. Wani wajen zura zare a kafar allura yake fara lura, wani kuma sai da yamma idan haske ya ja baya. Likitocin ido suna kiran wannan hali firesbiyofiya, kuma babu idon da yake tsallake shi. Dalilinsa shi ne a cikin ido, bayan ƙwayar, akwai wani ɗan madubi mai taushi wanda tsoka ke sa shi ya dunƙule idan za a kalli abu na kusa, ya baje idan za a kalli nesa. Da shekaru suna tafiya madubin yana ƙara tauri har ya daina bin umarnin tsokar. Alamun sukan bayyana tsakanin shekara 40 zuwa 45, su yi ta ƙaruwa har wajen shekara 60 zuwa 65, sannan su tsaya. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 kan gani an ƙiyasta cewa mutum miliyan 826 ne ke fama da raunin ganin kusa ba tare da sun sami gyara ba, alhali gyaran mafi yawansu bai wuce tabarau ba.

Wanda ya kai wannan mataki yana da zaɓi da dama a gabansa, kuma kowane mai sayarwa nasa yake yabo. Domin a iya kwatanta su bisa adalci, ga ma'aunan da za a bi.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yawan tazarar da idon mutum ke aiki a cikinta a yini guda. Karatun littafi da ɗinki suna gudana ne a tazarar santimita 35 zuwa 40 daga ido, allon kwamfuta yana wajen santimita 60 zuwa 70, tuƙi da gane fuskar mai tahowa kuwa aikin nesa ne. Mai buƙatar tazara ɗaya da mai kai-komo tsakanin uku ba abu ɗaya zai wadatar da su ba. Na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan ya kamata a lissafa har da kuɗin sauyawa, domin ƙarfin da ido ke buƙata yana ƙaruwa bayan kowace shekara biyu zuwa uku. Na uku ƙarko ne, wato tsawon lokacin da abin zai yi yana aiki kafin ya karye, ya karce ko ido ya wuce shi. Na huɗu sauƙin sabo da ɗawainiyar yau da kullum. Na biyar haɗari, tun daga ciwon kai har zuwa abin da ka iya taɓa lafiyar idon kanta.

Kafin duk waɗannan akwai sharaɗi guda: a fara da gwajin ido cikakke. Shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne kuma shekarun da gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, take fara ɓarna a ɓoye. Tana cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Haka ma illar ciwon suga ga tantanin bayan ido. Mutum na iya sa tabarau ya karanta rubutu sarai yayin da ɗaya daga cikin waɗannan ke ci gaba da aikinta. Mai ciwon suga yana da ƙarin dalilin yin hattara, domin hawa da saukar suga a jini suna sauya awon ido, saboda haka tabarau da aka auna a makon da suga ya hau ba zai dace ba idan ya daidaita.

Tabarau na kanti

Wannan shi ne tabarau na karatu da ake saye a shirye ba tare da awo ba. A jikin hannunsa akan ga lamba kamar +1.00, +1.50, +2.00 ko +2.50, wadda ke nuna ƙarfin gilashin a ma'aunin dayofta. A bisa kintace, ɗan shekara 40 zuwa 45 yakan fara da +1.00, ɗan shekara 50 ya kai wajen +2.00, wanda ya kai 60 kuma ya tsaya a wajen +2.50. Lissafin ba shi da wuya: idon da ya rasa ikon dunƙule madubinsa gaba ɗaya, idan aka ba shi +2.50, zai ga abu sarai a santimita 40, idan kuma +1.50 aka ba shi, sai a wajen santimita 67. Shi ya sa tabarau da ya yi daidai da littafi yakan sa allon kwamfuta ya yi hazo-hazo, sai mutum ya riƙa kai fuskarsa gaba har wuya ya riƙe.

Ta fuskar kuɗi babu abin da ya kai shi araha, har mutum na iya ajiye biyu ko uku a wurare daban-daban. Ƙarkonsa kaɗan ne, domin firam ɗin yakan saki da wuri kuma gilashin yana saurin karcewa, sai dai asarar ba ta da zafi. Ba ya buƙatar sabo. Rauninsa uku ne. Gilasan biyu ƙarfinsu ɗaya, alhali mutane da yawa idanunsu biyu sun bambanta. Ba ya gyara astigmatizim, wato rashin daidaiton lanƙwasar gaban ido da ke sa layuka su yi inuwa. Sannan an yanka shi ne bisa matsakaiciyar tazara tsakanin ƙwayoyin ido biyu, ta yadda wanda tasa tazarar ta yi nisa da wannan matsakaici yakan ji ido na ja masa, kai ya yi nauyi bayan rabin sa'a na karatu. Duk da haka bai lalata ido. Maganar da ake yawan yi cewa sa tabarau ne ke kashe ido ba ta da tushe. Madubin ciki zai ci gaba da tauri ko an sa ko ba a sa ba, abin da ke faruwa kawai shi ne wanda ya ɗanɗana gani sarai ba ya sake haƙuri da dishi-dishi.

Wajen zaɓa, a riƙe rubutu irin wanda aka saba karantawa a tazarar da aka saba riƙe shi, a ɗauki mafi ƙarancin ƙarfin da ya fito da baƙaƙen. Ƙarfin da ya wuce buƙata yana burgewa a minti na farko, amma yana tilasta wa mutum kawo takarda daf da hanci.

Tabarau na karatu da aka auna

Aikinsa ɗaya da na kanti, sai dai an yanka kowane gilashi bisa awon idon da zai zauna a gabansa, da astigmatizim ɗinsa da tazarar ƙwayoyinsa. Kuɗinsa ya fi na kanti nesa ba kusa ba, amma shi ne mafi araha a cikin masu awo, kuma fagen karatunsa ya fi na sauran masu awon faɗi, tun da gilashin gaba ɗayansa na kusa ne. Firam mai kyau yakan yi shekaru, gilashin kawai za a riƙa sauyawa. Aibinsa shi ne cirewa da mayarwa: da zarar an ɗaga kai a kalli ƙofa, komai ya yi hazo. Ba a tafiya da shi, ba a tuƙi da shi.

Tabarau mai hawa biyu

Sama don nesa, ƙasa don kusa, da layi bayyananne a tsakani. Ana danganta ƙirƙirarsa da Benjamin Franklin na Amurka, wanda a shekarun 1780 ya gaji da sauya tabarau biyu, ya sa aka raba gilasansu gida biyu aka haɗa a firam ɗaya. Kuɗinsa matsakaici ne, ƙarkonsa kamar na kowane tabarau na awo, sabo da shi kuma bai fi 'yan kwanaki ba saboda ido ya san inda kowane sashe ya fara. Tagar karatunsa ta fi ta tabarau marar layi, wanda bayaninsa ke tafe, faɗi, abin da masu dogon karatu ke yabawa. Sai dai babu tsaka-tsaki a cikinsa, don haka allon kwamfuta da agogon gaban mota sukan faɗa inda sama ba ta kama su ba, ƙasa ma ba ta kama su ba. Idan ido ya tsallake layin kuma, abin da ake kallo yakan yi kamar ya yi tsalle.

Tabarau marar layi

Wannan shi ake kira furogiresib. Ƙarfin gilashin yana ƙaruwa ne sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, ta yadda nesa da tsaka-tsaki da kusa duk suna cikin gilashi guda. Wani injiniya Bafaranshe, Bernard Maitenaz, ya fito da shi kasuwa a 1959 da sunan Varilux. Shi ne mafi tsada a cikin tabarau, kuma shi ne wanda aka fi yin nadamar saye idan ba a fahimci yadda yake ba tun farko.

Sauyin ƙarfin nan ba ya samuwa kyauta. Wurin da ake gani sarai wani siririn lungu ne da ya ratsa tsakiyar gilashin daga sama zuwa ƙasa, gefunansa biyu kuwa suna karkata abin da ake kallo. Wanda ya saba satar kallo da gefen ido dole ya koyi juya kai gaba ɗaya, ya nuna abin da yake son gani da hancinsa. A kwanakin farko bango yakan yi kamar yana lilo idan an waiwaya, wasu har jiri suke ji. Mafi yawan mutane sukan saba cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu idan suka dage da sa shi tun safe ba tare da komawa ga tsohon ba, kaɗan kuma ba sa taɓa sabawa. Na lura cewa a lokuta da yawa laifin ba na ido ba ne, na awo ne: idan tsakiyar lungun ta kauce wa ƙwayar ido da milimita biyu ko uku, ko firam ɗin ya riƙa zamewa a kan hanci, gilashi mafi tsada ma ba zai yi aiki ba. Saboda haka wannan ba tabarau ba ne da za a saya daga nesa ba tare da an auna shi a fuskar mai shi ba, kuma firam siriri ƙwarai bai dace da shi ba domin yakan yanke sashen karatu.

Akwai wani haɗari da ya shafi wannan da mai hawa biyu duka, wanda ba a cika faɗa wa tsofaffi ba. Mai saukowa daga bene ta ƙasan gilashi yake kallon matakala, ƙasan kuwa an yi shi ne don abin da ke santimita 40, don haka gefen matakalar yakan yi dishi-dishi, ƙafa ta nemi wurin sauka ta rasa. Wani bincike da aka buga a Ostiraliya a 2002 ya gano cewa tsofaffi masu irin waɗannan tabarau sun ninka sauran wajen yiwuwar faɗuwa fiye da sau biyu. Maganin shi ne a sunkuyar da kai sosai a kalli matakala ta saman gilashi, ko kuma a tanadi tabarau na nesa zalla don tafiya a waje. Ga wanda ƙashinsa ya yi rauni, wannan batu ya fi maganar kyan gani nauyi.

Ana kuma yin wani nau'insa na ofis, wanda ya bar nesa ya faɗaɗa tsaka-tsaki da kusa. Ga mai yini a gaban kwamfuta ya fi na gama-gari daɗi, amma ba a tuƙi da shi.

Gilashin mannawa a ido

Wannan ɗan siririn gilashi ne da ake manna shi a kan ido kai tsaye a maimakon tabarau. Hanya biyu ake bi da shi. Ko dai a sa mai zobba na kusa da na nesa a kowane ido, ko a gyara ido ɗaya don nesa ɗayan don kusa, ƙwaƙwalwa ta riƙa zaɓen hoton da take so. Amfaninsa a fili yake ga mai wasannin motsa jiki ko mai aikin da tabarau ke hana shi sakewa. Kuɗinsa ba ya yankewa, domin wani na yini ɗaya ne, wani na wata, ga ruwan wanki, ta yadda a cikin shekara yakan zarce kuɗin tabarau mai kyau. Ganin da yake bayarwa bai kai na tabarau kaifi ba, musamman da dare, kuma raba aikin ido biyu yana rage iya kintata nisan abu. Shekarun kansu ba sa taimakawa, tun da hawaye yana raguwa da tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, yatsu kuma suna rasa saurinsu. Haɗarinsa ya fi na kowane tabarau: kwana da shi a ido yana ninka yiwuwar gyambon gaban ido sau shida zuwa takwas, wanke shi da ruwan famfo kuma na iya shigar da ƙwayar cuta mai wuyar magani.

Ɗigon magani

A watan Oktoba na 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ɗigon filokafin mai suna Vuity, wanda ke tsuke ƙwayar ido domin abin kusa ya fito. Aikinsa na 'yan sa'o'i ne, ya fi amfani ga waɗanda raunin nasu bai yi nisa ba, yana iya kawo ciwon kai da duhun gani da dare, kuma an yi gargaɗi game da ɓallewar tantanin bayan ido ga masu hatsarin hakan. A ganina bai kai matsayin maye gurbin tabarau ba.

Tiyatar sauya madubin ciki

A nan ana cire madubin ido na asali a dasa na roba. Likitan Ingila Harold Ridley ne ya fara wannan dashe a asibitin St Thomas na Landan a ƙarshen 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar gilashin jirgin yaƙi da ya shiga idanun matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu bai tayar da kumburi ba. A yau aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 a kowane ido, galibi ba tare da an sa mutum barci ba, kuma shi ne maganin yanar ido. Babu ɗigo ko tabarau da ke wanke yana.

Kuɗinsa ya fi na kowane zaɓi, amma sau ɗaya ake biya, madubin da aka dasa kuma yakan zauna har ƙarshen rayuwa. Mai tazara ɗaya ya fi araha kuma ya fi ba da gani mai tsabta, sai dai za a ci gaba da sa tabarau na karatu. Mai tazara da yawa yana rage buƙatar tabarau, amma yakan sa a ga zobba a kewayen fitilun mota da dare, kuma likitoci ba sa son dasa shi a idon da ke da gilakoma mai nisa ko ciwon tsakiyar tantanin baya. Wajen mutum ɗaya cikin biyar yakan ga hazo ya dawo bayan 'yan shekaru saboda jakar da ke riƙe da madubin ta dusashe, ana kuma share ta da hasken leza cikin mintuna. Shigar ƙwayar cuta cikin ido ba kasafai take faruwa ba, kimanin sau ɗaya cikin dubu ko ƙasa da haka, amma idan ta faru tana iya tafiya da gani. Wannan kasada ta cancanci ɗauka idan yana ta hana mutum karatu ko tuƙi. Idan kuwa madubin garau yake, kuma gajiya da tabarau kawai ta kawo maganar, to an sa ido mai lafiya cikin haɗarin da babu ja da baya a cikinsa.

Wani abin lura a nan: idan dattijon da ya shekara ashirin yana sa tabarau na karatu ya wayi gari yana karatu ba tare da shi ba, kada a ɗauka ido ne ya warke. Sau da yawa yana ce ta fara taurara tsakiyar madubin har ta sauya awonsa, ganin nesa kuma yana raguwa a daidai lokacin.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Tazara |
|---|---|---|---|---|---|
| Na kanti | Mafi araha | Watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu | Babu sabo | Ciwon kai, sakaci da gwaji | Kusa |
| Na karatu mai awo | Ƙasa da matsakaici | Shekara 2 zuwa 3 | Cirewa da mayarwa | Kaɗan ƙwarai | Kusa |
| Mai hawa biyu | Matsakaici | Shekara 2 zuwa 3 | 'Yan kwanaki | Tuntuɓe a matakala | Nesa da kusa |
| Marar layi | Mai tsada | Shekara 2 zuwa 3 | Har mako 2 | Jiri, tuntuɓe | Duka uku |
| Na mannawa | Ba ya yankewa | Yini ɗaya zuwa wata | Ɗawainiya kullum | Gyambon ido | Duka, ba da kaifi ba |
| Ɗigo | Ba ya yankewa | 'Yan sa'o'i | Mai sauƙi | Ciwon kai, duhun dare | Kusa |
| Tiyata | Mafi tsada, sau ɗaya | Har ƙarshen rayuwa | Makonnin jinya | Kaɗan amma mai nauyi | Ya danganta da madubin |

Wa ya dace da me

Wanda ganinsa na nesa lafiya lau yake, gwaji ya nuna idanunsa biyu sun yi kusa da juna, kuma buƙatarsa ba ta wuce duba waya da karanta takarda jefi-jefi ba, tabarau na kanti ya ishe shi, ƙarin kuɗi ba zai ƙara masa komai ba. Mai dogon karatu, mai ɗinki, mai gyaran agogo ko waya, da duk wanda na kanti ke sa masa ciwon kai, ya nemi na karatu mai awo, ya kuma gaya wa mai awon ainihin tazarar da yake aiki a cikinta. Ya ƙara da fitila mai kyau a wurin aiki, domin hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba.

Wanda dama yake sa tabarau na nesa, kuma yininsa kai-komo ne tsakanin takarda da kwamfuta da fuskokin mutane, kamar malami ko mai karɓar baƙi, shi ne marar layi ya fi yi wa amfani, kuma gara ya fara da shi tun ƙarfin bai yi yawa ba domin sabon ya fi sauƙi a lokacin. Idan kuɗi bai kai ba ko ya gwada ya kasa, mai hawa biyu zai yi masa mafi yawan aikin. Mai raunin ganin nesa kaɗan yakan iske cire tabarau kawai ya ishe shi karatu, kuma babu laifi a hakan. Tsohon da ya taɓa faɗuwa ko ƙafarsa ba ta da ƙarfi ya fi aminci da tabarau biyu daban, na tafiya da na zama. Gilashin mannawa na wanda ya daɗe da sabawa da shi ne kuma hawayensa bai ƙafe ba. Tiyata ta mai yana ce.

Akwai kuma wanda babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da shi a ranar: wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ya fara ganin walƙiya da ɗige-ɗige masu yawo kamar ƙudaje, ko wani labule ya sauko ta gefen idonsa, ko miƙaƙƙen layi ya zama lanƙwasasshe, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani har da tashin zuciya. Wannan likitan ido zai nufa a ranar, maganar tabarau ta jira sai an duba shi.